Ƙarangiyar Baba

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina cikin zanen goyo har na aurar da 'yata ta fari, abin da yake kirana da shi ke nan: Uwata. Ko faɗa zai yi mini, sai dai ya ce, "Haba Uwata, wannan bakin naki fa?" Bakin kuwa akwai shi, ban musa ba. A Agege, cikin Ikko, aka haife ni, a nan na tashi, Yarabanci a bakina kamar ruwa, kuma wanda ya tashi a layinmu bai iya bari a taka shi ya yi shiru ba.

Shi Baba ba ɗan nan ba ne. Daga can arewa da Damagaram ya fito, inda gonaki suke ƙarewa rairayi ya karɓa. Ya zo Ikko yana saurayi, a bayan shanu, ya zama dillali a kara, wato kasuwar shanu, kusa da mayanka. Ya tsufa a nan amma harshensa bai sauka ba. Har ya rasu, babbar mota kamiyo ce a bakinsa, likita kuwa lokotoro. Muna yara mukan yi masa dariya a ɓoye.

Shekarar da ƙafafunsa suka fara kumbura, na bar ɗakina na dawo gidan hayar da yake, tunda mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya. Gida ne mai ɗakuna suna kallon juna, yawancin mutanen ciki mahauta ne da masu fata. Likitocin babban asibitin da ke Idi-Araba ba su ɓoye mini ba. Sun ce zuciyar ta gaji, sai lallaɓawa. Shi ma bai tambaye ni abin da suka ce ba, ya riga ya karanta a fuskata.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce in ɗauko masa wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. A ciki akwai ƙullin tsumma. Na kwance da sauri, sai ji na yi abu ya soke ni a yatsa.

"Wayyo! Baba, mene ne wannan?"

"Ƙarangiya ce."

Na san sunanta a bakin mutane, na kuma sha ganin irinta maƙale a jelar shanun da ake saukewa, amma ban taɓa riƙe ta ba. 'Yan ƙulalai ne masu ƙaya ta ko'ina, ba su cika tafin hannu ba. Ya ce zuwansa gida na ƙarshe, ya je kufan garinsu. Babu kowa, rairayi ya cinye rijiyar. Ya tsaya a inda yake zaton nan aka binne mahaifiyarsa ya yi mata addu'a. Da ya koma mota sai ya ga bakin wandonsa cike da ƙarangiya. Ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya kasa zubarwa.

"So nake in shuka ta," in ji shi. "In ta yi 'ya'ya, ki ci a gabana."

"In ci ƙaya? Baba, ko dai maganin nan ne ya yi maka ƙarfi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce a cikin kowace ƙaya akwai ƙwaya, ƙanƙanuwa, ba ta kai gero ba. Shekarar da ruwa ya ƙi, suna yara, rumbuna suka ƙare, dabbobi suka mutu, ita suka ci. Mahaifiyarsu takan fita daji tun da sassafe ta sharo ta, ta daka, ta sheƙe, ta dama musu. Hannunta duk ya kumbura da ƙaya.

Na ce to ai abu mai sauƙi ne, direbobin arewa nawa muka sani? In yi wa ɗaya magana ya ciko mana buhu. Ya girgiza kai. Ya ce ba kowace ƙarangiya yake nufi ba, ta wurin nan yake nufi, kuma wadda ke cikin tsumman ba ta isa a ɓare a ci ba, sai an shuka ta ta ƙaru. Na dubi ƙafafunsa, na dubi ɗan ƙullin. Na san damina ɗaya muke da ita, in Allah ya yi mana jinƙai biyu.

Ya raba irin gida biyu. Rabi ya mayar cikin gwangwani. Rabi ya shuka a wani tsohon baho da ya sa na huhhuda gindinsa da ƙusa, na cika da yashin da magina suka bari a bayan gida. Muka ajiye bahon a bakin ƙofarsa, dab da inda mazan gidan suke shimfiɗa tabarmar salla. Ba a jima ba numfashinsa ya sarƙe, aka kwantar da shi a asibiti, ni ma na tare can.

Mun daɗe kafin a sallame mu. Muna shigowa gida maƙwabcinmu ya tare mu, wani mahauci mai faɗin ƙirji da babbar murya, wanda Baba ne ya kama hannunsa ya shigar da shi kara lokacin da ya zo Ikko ba shi da kowa. Fuskarsa cike da fara'a ya ce, "Baba, zo ka ga gonarka!"

Bahon ya yi kore shar. Ashe da muka tafi, bawan Allahn nan ya duba ya ga yashi tsura, ya ce ina, ba za a ce shukar Baba tana kwance a yashin gini ba alhali suna aiki a mayanka. Ya ɗebo baƙar ƙasa daga bakin kwata, ya haɗa da takin shanu mai kyau, ya lulluɓe bahon da ita har baki. Sannan ya sanar da mazan gidan cewa duk mai alwala ya yi ta a kan bahon. Haka muke yi tun ina yarinya: ba a barin ruwan alwala ya tafi a banza in akwai shuka kusa, ana ganin har albarka yake sa mata. To salla biyar a rana, maza gida guda, kowa da butarsa, ga kuma ruwan sama na Ikko da ba ya jin gajiya. Abin da ya fito kuwa alayyafo ne da tumatir da wasu ciyayi da suka zo a cikin takin.

Baba ya durƙusa da kyar. Ya tura yatsa cikin caɓin, ya yi ta lalube, ya fito da ƙarangiya ɗaya. Ta yi baƙi, ƙayar ta yi laushi. Ya matse ta, ta fashe, wani ruwa mai wari ya fito.

Jinina ya hau. Na buɗe baki, kuma wallahi na shirya wa mutumin nan maganar da sai ya kwana uku bai ci abinci ba. Baba ya riƙe bakin zanena ya ja. Ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Kun kula da ni ina nan, kun kula da ni ba na nan."

Mahaucin ya tafi yana murna. Mu kuwa muka shiga ɗaki, Baba ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa ganin kukansa ba, ranar ma ban gani ba, amma kafaɗarsa tana rawa. Na fita tsakar gida na yi nawa kukan a fili, in mai kallo ya kalla.

Da ya huce na tambaye shi me ya sa ya hana ni magana. Ya ce, "Uwata, mutum ya ba ki ruwan da ya wanke fuskarsa don Allah, ki ce masa ya kashe miki abu? Su abin da suka sani ke nan. Shuka tana son taki, tana son ruwa. Ita wannan ba irin shukar da suka sani ba ce."

Daga ranar ya fara koya mini, kaɗan-kaɗan, in numfashi ya bar shi. Ya ce ciyawar ƙasarsu ba ta son gata. Ƙasa mai maiƙo tana riƙe ruwa, ruwa in ya kwanta sai ya toshe wa ƙwaya numfashi ta ruɓe. Jar ƙasarmu ta Agege kuwa, in ruwa ya dake ta rana ta biyo baya, sai ta yi ɓawo a sama, tsiro ya taso ya tarar da rufi, ya mutu a ciki. Abin da take so rairayi ne wanda ruwa zai ratsa ya wuce ƙasa, saiwa ta bi shi. Kuma ba a binne ta da zurfi. A can iska ce take yi mata shuka, iska kuwa ba ta haƙa rami. Ya ce in ɗebi ƙasa in dunƙule a hannu in buɗe. In ta tsaya dunƙule, ba ta yi ba. In ta rushe ta zube ta tsakanin yatsu, to ita ce.

Yashin magina ma bai gamsar da shi ba. Ya ce na bakin teku ne, ya ɗanɗana ya ji gishiri, tun farko don babu yadda zai yi ne ya yarda da shi. Sai ya tuna mini abin da na sha gani ban taɓa lura ba. Motocin da ke kawo shanu daga arewa, kafin a loda dabbobi ana shimfiɗa rairayi a cikinsu don kada su zame. In an sauke shanu a kara, sai a share shi a zubar a gefen titi.

Na hau okada, babur ɗin haya, da buhuna na tafi. Na tarar da wata babbar mota ana share ta. Na ce wa direban ina son rairayin, na can kusurwa wanda fitsari bai kai ba sosai. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, magani za a haɗa?"

"Ƙarangiya zan shuka."

Ya yi dariya har ya dafa taya. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga matar da ta rasa abin shukawa a duniya sai ƙarangiya. Na ce masa ya gama dariyar ya ba ni shebur, ba ni da lokacinsa. Da na faɗa masa don wa nake yi, sai ya daina dariyar. Ashe ya san Baba. Da kansa ya hau ya ciko buhun, ya ɗora mini a kan okada.

Na wanke rairayin a ruwa har ya daina wari, na shanya shi a rana ya bushe ƙarau. Ja-ja ne, mai laushi. Da na kai wa Baba ɗan kaɗan a faranti, ya zuba a tafinsa ya daɗe yana murzawa.

Lokacin damina ta wuce. Ya ce a shuka yanzu, a cikin rani, kada a zuba ko ɗigo. Ƙwayar sai ta sha zafin rana ta gasu a cikin rairayi kafin ta yarda ta farka. Na warwatsa sauran irin, duka, na yayyafa rairayi a kai, iya abin da zai ɓoye su. Na karkaɗe tsumman, babu abin da ya rage. Don kada mu sake shiga kunyar masu alwala, na sa tsani na ɗora bahon a kan rufin kwanon kicin, inda buta ba ta kaiwa.

Watannin nan sun yi mini tsawo. Kullum in na hau tsani, rairayi ne kawai yake kallona. Hannuna ya riƙa ƙaiƙayin in zuba ruwa. Mace ce ni da ta saba in abu yana hannunta ta ciyar da shi, ta shayar da shi. A ce mini kulawar ita ce in ƙyale, wannan ya fi mini komai wuya. Baba kuwa yana ta ƙanƙancewa a kan gado. Abinci sai cokali biyu. Dare da rana tambayar da ke cina ɗaya ce, shin zai kai ruwan farko?

Ya kai. Wata rana da la'asar aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Na kwana da murna, na wayi gari a kan tsani. Babu komai. Washegari ma babu. Na sauko na ce masa irin ya mutu, ya tsufa a gwangwani, mun yi wahalar banza. Har da ɗaga murya, Allah ya yafe mini.

"Tura yatsanki," in ji shi. "Ina ruwan ya tsaya?"

Na koma na tura. Sama-sama ne kawai ya jiƙe, ƙasa a bushe take.

Ya ce to ai shi ke nan, ba ta yarda ba ne. A can, wadda ta yi gaggawar tsirowa da yayyafi, rana ɗaya ta ishe ta, don saiwarta za ta sauka ta tarar da bushewa. Mai hankalin cikinsu takan jira ruwan da ya ratsa ƙasa sosai. Kuma ko ya zo, ba duka suke fitowa ba. Wasu sukan yi kwanciyarsu sai wata shekara, don in wannan daminar ta yi ƙarya kada zuriyar ta ƙare.

Ruwan gaske ya zo da iska da tsawa, har kwata ta cika ta shigo layi. Bayan 'yan kwanaki na hau tsani na ga wasu siraran koraye sun huda rairayi, kamar allurai. Na kusa faɗowa. Na sauko da bahon a ka, na kai har bakin gadonsa. Ya ɗaga kai daga matashi, ya ce, "Sannunku da zuwa," kamar yana gaida baƙi daga gida.

Daga nan wahalar ta canja kama. Ruwan Ikko ba irin na ƙasarsu ba ne da zai zo ya tafi ya bar rana. Nan sai ya kwana ya wuni yana zuba. Tsirran da ke gefen da bahon ya karkata, inda ruwa yake taruwa, suka yi rawaya suka kwanta. Na riƙa jigila, rana ta fito in fitar, hadari ya haɗu in shigar, har bayana ya ƙage.

A nan ne mahaucin ya tsare ni. Ya ce ya ga ina ɓoye bahon tun rani, kuma ya lura ban ƙara yi masa fara'a ba, in gaya masa gaskiya. Na gaya masa, amma a hankali, don Baba yana jinmu ta taga. Mutumin nan ya zauna a bakin rijiya ya riƙe kai, ya yi ta salati. Da yamma sai ga shi da katako da farar leda mai kauri. Ya kafa wata 'yar rumfa a tsakar gida wadda rana za ta ratsa ruwa ba zai taɓa ba, ya ɗora bahon a kan bulo. Ya kuma naɗa kansa mai gadi. Duk wanda ya doso wurin da buta sai ka ji muryarsa har titi: "Kai malam, can gaba! Wannan ba ta shan alwala!"

Kaɗan ne suka rayu, ana iya rufe su da faifai. Amma ba su yi nawa ba. Ciyawa ce mai sauri, ta san ba ta da lokaci. Kafin in farga ta fitar da kai, ƙayoyin suka fito kore, suka fara komawa ruwan ƙasa. Lokacin Baba ya daina tashi zaune sai an tallafe shi, maganarsa ma sai na kai kunne.

Ranar da suka bushe na tsinke su, yatsuna duk jini. Mahaucin ya kawo mini ƙyallen busasshiyar fata guda biyu kamar yadda Baba ya ce, na sa ƙayoyin a tsakani na yi ta murzawa, na hura ƙaiƙayin. Na ware kaɗan na mayar cikin gwangwani. Abin da ya rage a tafina bai kai cikin cokalin shayi ba. Na soya shi sama-sama a busasshen kasko, na niƙa da bayan cokali, na dama da ruwan zafi a ƙaramin kofi. Ban sa sukari ba, ya ce su ba su da shi.

Na tallafe shi na jingina da bango. Na ɗebo a cokali na kai bakinsa. Ya kau da kai.

"Ba ni ba. Ke."

Na sha. Ba shi da wani daɗi, gaskiya. Ɗan gardi ne kamar na gero, da ƙaiƙayi mai kama maƙogwaro. Idonsa yana kan bakina, yana bin cokalin in ya tafi in ya dawo.

"Kin haɗiye?"

"Na haɗiye, Baba. Saura kai, ko ɗan kaɗan."

Ya tara numfashi. Sannan ya ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Kullum in Inna ta dama, sai ta zuba mana ta koma gefe. In mun ce Inna ke fa, sai ta ce ta ci a daji. Mu yara ne, muka yarda. Ruwa ya dawo, gero ya nuna, ita ba ta kai ba."

Na mayar da cokalin cikin kofi. Shekarata arba'in da wani abu ina amsa sunan matar nan, ban taɓa sanin abin da ya kashe ta ba.

Ya ɗago hannunsa, ya tura kofin wajena.

"Ci, Uwata," ya ce. "Cinye duka, ina kallo."

Na cinye. Na sa yatsa na lashe gindin kofin, na juya shi na nuna masa babu komai a ciki. Ya gyaɗa kai, ya ce in kwantar da shi.